Inji Ɗaya, Aiki Kala-kala: Fashin Baƙi Kan Manyan Injinan Gas a Tsaunin Jos

Wanda ya tsaya a Mararabar Jama'a da hantsi ya ƙirga abin da ke wucewa, zai ga tirelar siminti, tankar mai, tifar yashi, motar haƙar rijiyar burtsatse da kwamfiresonta a baya, wani lokaci har da katafila a ɗore kan doguwar mota za a kai ta wurin aiki. Duk man gas suke sha. In ya shiga gari, janaretan asibiti da na banki da na masana'antun sarrafa hatsi na Bukuru, su ma shi suke sha. In aka kwance su, kusan abu ɗaya za a tarar a ciki: fistan, ringi, silif, karanshaf, bawul, nozul. Wannan kamannin ne ke yaudarar mutane, har a ɗauka inji inji ne, wanda ya ja tirela zai juya janareta, wanda ya yi aiki a Legas zai ba da ƙarfi iri ɗaya a Jos. Da yawa daga injinan da ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba, daga wannan zaton ciwonsu ke farawa.

Injin gas ba shi da filogi. Iska zalla yake zuƙa, fistan ya matse ta har ta koma kashi ɗaya cikin 16 ko 18 na girmanta, matsin ya sa ta ɗau zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai a cikinta kamar hazo, man ya kama da kansa. Bajamushen nan Rudolf Diesel ne ya tabbatar da wannan dabara a 1897 a garin Augsburg, a masana'antar da daga baya ta zama kamfanin MAN, wanda har yau manyan motocinsa ke bin hanyoyinmu.

Abin da ya sa aiki mai nauyi ya riƙe shi bai wuce lissafi ba. Lita ɗaya ta man gas tana ɗauke da zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 10, kuma injin tirela mai lafiya yana mayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan zuwa aiki, abin da injin fetur ba kasafai yake kaiwa ba. Ragowar ta salansa da lagireto take fita. Sannan ƙarfin murɗarsa yana zuwa ne tun yana juyi a hankali, tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a minti, kuma abin da ke tayar da tan 30 daga tsaye ke nan. Da yake an gina shi don jure matsi, komai nasa mai kauri ne, kuma a yawancin manyan, silif ɗin da fistan ke kai-komo a ciki abin zarewa ne. In ya cinye, a sa sabon silif da fistan da ringi da mital, injin ya dawo kamar jiya aka ƙera shi. Man kansa ba ya kamawa da sauri kamar fetur, shi ya sa ake iya ajiye dubban litoci a harabar asibiti.

Janareta: aikin da ba a yarda inji ya sauya gudu ba

Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Kan janaretan da aka saba da shi mai maganaɗisu huɗu ne, don haka dole injin ya tsaya cak a juyi 1,500 a minti, ko kwan fitila ɗaya aka kunna ko masana'anta sukutum. Abin da ke riƙe shi a nan shi ne na'urar da makanikai ke kira gwamna: lodi ya ƙaru ta ƙara mai, ya ragu ta rage. Janaretan da aka ƙera don Amurka yana juyi 1,800 ne saboda wutarsu sau 60 take kaɗawa. In aka shigo da shi aka bar shi a haka, kowane moto na famfo ko na niƙa zai yi gudun da ya ɗara nasa da kashi 20 cikin ɗari. In kuma aka sauko da shi zuwa 1,500, zai rasa kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa, kuma sai an sake saita na'urar daidaita wutar.

Haɗin gida ma a nan yake tuntuɓe, wato a ciro injin tirela a ɗaura masa kan janareta. Yana tashi, yana ba da wuta, amma da abubuwa uku da ba a cika lura da su ba. Dokin da aka rubuta wa injin tirela a juyi 1,900 ko fiye ake samunsa, a 1,500 bai kai haka ba. Gwamnarsa an yi ta ne don ƙafar direba, ba ta damu da gudu ya ɗan sauka ko ya hau ba, shi ya sa fitilu ke lumshewa duk lokacin da babban moto ya tashi. Lagiretonsa kuma ya saba da iskar hanya tana dukansa, ga shi yanzu an kulle shi a ɗaki. Wanda zai yi haɗin nan da gaske sai ya sauya gwamna, ya ƙara girman lagireto, ya sa fankar da ke tura iska waje, sannan ya rage buri a kan kilowat nawa zai samu.

A jikin janareta kVA ake rubutawa, amma aikin da injin ke yi da kilowat ake auna shi. A ninka da 0.8: mai kVA 100 kilowat 80 ne. A cike da lodi yana shan kimanin lita 22 a awa, a rabin lodi lita 11 zuwa 12. Wato kowane kilowat-awa yana cin ɗan fiye da rubu'in lita, muddin injin na ɗauke da kaya daidai wuyansa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mutanenmu suna son sayen babba “don gaba”. Otal ko makarantar da lodinta bai wuce kilowat 30 ba sai ta girke mai kVA 250. Wannan injin a kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa yake aiki, yana shan wajen lita 12 a awa a kan abin da mai kVA 45 zai yi da lita 8 zuwa 9. Asarar mai ma ita ce ƙarama. Injin gas da ba ya ɗaukar kaya ba ya yin zafin da ya kamata a cikin silinda, man ba ya ƙonewa duka, ringi ba ya buɗewa ya kama jikin silif da kyau. A hankali bakin nozul ya tara kunkunniya, fuskar silif ta yi santsi kamar madubi, wani baƙin ruwa mai danƙo ya fara tsiyaya daga mahaɗar salansa. Sai a ce ringi ya mutu, a kira makanike ya buɗe inji, alhali ciwon zaman banza ne. Ƙa'idar ita ce kada a daɗe ana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari. In abin bai yi nisa ba, a ɗora masa lodin kashi 70 zuwa 80 na 'yan awanni, zai yi hayaƙi ya tofar da dattin ya washe. In silif ya riga ya yi santsi, sai an buɗe. Wurin da lodin rana da na dare suka bambanta sosai, babba ɗaya da ƙarami ɗaya sun fi ƙato guda amfani nesa ba kusa ba.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai masu sayen daidai-wa-daida su manta da tashin moto. Moton da aka haɗa kai tsaye yana jan wutar da ta ninka ta aikinsa kusan sau shida a daƙiƙun farko. Haɗin sita-delta, wato tsarin haɗa wayoyin moto don ya tashi a hankali, yana rage wannan zuwa kashi ɗaya cikin uku. A fara tayar da mafi girma tun janaretan bai ɗau komai ba, ƙanana su biyo baya. A kuma raba lodi daidai a kan layuka ukun da wutar janareta ke fita ta cikinsu, domin layi ɗaya da aka danne shi kaɗai yana iya ƙona kwayil alhali injin bai ma san ana yi ba.

Farantin da ke jikinsa yakan nuna lamba biyu, ta jiran ko-ta-kwana da ta aikin kullum, kuma ta farkon ta fi girma da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ta farkon an yi ta ne don ƙasashen da wuta ke ɗaukewa 'yan awanni a shekara. A wurinmu, inda janareta ke kwana yana aiki, ta biyun ce gaskiya, ko da mai sayarwa ta farkon ya rubuta a rasit. Na asibiti kuwa, wanda dole ya tashi da kansa cikin daƙiƙu idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar tiyata, abin da ya fi kunyata shi ba inji ba ne, batir ne. Sai da cajar da ke riƙe batir a cike kullum, da gwaji kowane mako da lodi a kansa.

Ɗakin janareta ma inji ne. Ƙofar shigar iska ta kai faɗin lagireto sau ɗaya da rabi, iskar da fanka ta tura ta fita waje kai tsaye ba ta zagayo ba, bututun salansa ya fita sama nesa da tagogi. Tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da ke jawo sankara, don haka ɗakin maigadi bai kamata ya jingina da salansa ba.

Hawan Kibo

A tirela komai ya juye. Gudun inji yana hawa yana sauka, kuma gwanintar direba ita ce riƙe allurar a koren yanki na agogon juyi, yawanci tsakanin 1,100 da 1,500. A hawa, wanda ya ƙi sauko da giya ya danne totur injin na nishi a ƙasa da haka, yana dukan mital ne da guduma, yana kuma dafa fistan, domin mai ya yi yawa, famfon ruwa da fanka kuma suna juyi a hankali.

Gangara ta fi hawa haɗari, kuma duk direban da ke sauka daga Jos zuwa Akwanga ya san Hawan Kibo. Injin fetur yana da maƙogwaron da ke rufewa in an ɗaga ƙafa, shi ke riƙe mota. Injin gas ba shi da shi, iska na shiga tana fita a sake, don haka riƙonsa kaɗan ne in aka kwatanta da nauyin da ke bayansa. Shi ya sa ake sa masa birkin salansa, wani murfi da ke toshe hanyar hayaƙi, ko birkin inji irin wanda Clessie Cummins ya ƙirƙiro aka fara sayarwa a 1961, mai buɗe bawul ɗin hayaƙi daidai lokacin da fistan ya gama matse iska, ƙarfin matsin ya tafi a banza. Shi ne ƙarar nan mai kama da harbi da ake ji daga wasu tirelolin. Dukansu sun fi kamawa idan injin na juyi da sauri, wato a ƙaramar giya. Tsohuwar dokar direbobi tana nan daram: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka, kuma tun a sama ake sa ta.

Sakin firi don tsimin mai shi ne babban ganganci. Birkin tirela da iska yake aiki, kwamfireson da ke cika tankunan kuma injin ne ke juya shi. A silo, cikawar ba ta kamo abin da ƙafa ke zubarwa. Ga durom ɗin birki yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa, ga giya ta ƙi shiga saboda mota ta riga ta yi gudu. Akwai kuma kishiyar wannan: a ƙaramar giya, in aka bar lodi ya tura motar, injin zai wuce jan layi, gwamna kuma ba abin da za ta iya, don mai kaɗai take yankewa, ba taya ba. Bawul ya kasa komawa da wuri, fistan ya same shi a hanya.

Bayan doguwar hawa kada a kashe inji nan take. Tobo, fankar da hayaƙi ke juyawa don cusa iska cikin inji, yana juyi fiye da sau 100,000 a minti, jikinsa na iya yin ja, kuma baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya sandarsa. In aka kashe, man ya tsaya ya ƙone a wurin ya zama gawayi. Minti uku zuwa biyar a silo sun isa. Al'adar nan ta taka totur sau biyu kafin a murɗa makulli, ban san wanda ya koya wa direbobi ita ba, amma masu sayar da tobo a Dilimi kaɗai take amfana.

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, daga Idu zuwa Rigasa, shi ma gas yake sha, sai dai injinsa ba ya taɓa taya. Janareta yake juyawa, wutar ta tafi ga moton lantarkin da ke jikin gatarin ƙafafun, saboda babu kulocin da zai iya tayar da jerin taragu daga tsaye. A teku kuwa abin ya wuce misali: injin Wärtsilä mai silinda 14 da ke tura manyan jiragen kwantena yana ba da kimanin kilowat 80,000 alhali juyinsa bai wuce 100 da 'yan kai a minti ba.

A wuraren fasa dutse irin na Mpape, ko ramukan haƙar ma'adinai na Barkin Ladi, injin katafila famfunan haidirolik yake juyawa, su kuma su matsa mai zuwa bar 300 ko fiye a ma'aunin matsi. Kada a taɓa laluben yoyon irin wannan tiyo da hannu, man yana huda fata ya shige nama. Da kwali ake nema. Motar haƙar burtsatse kuma yawanci inji biyu gare ta, kuma na kwamfireso ya fi shan wuya, domin a dutsen Filato gudumar iska ce ke fasa hanya, kuma yini guda yake yi a cike da lodi cikin garin dutsen da shi da kansa ya tayar.

Masu noman rani da ke jan ruwa daga tsofaffin tafkunan kuza su riƙe abu biyu. Ƙarfin da famfo ke nema yana hawa ne da sauri fiye da gudu sosai: ƙarin kashi 10 cikin ɗari a gudu yana neman ƙarin kashi 33 a ƙarfi, don haka ɗan murɗa totur “don ruwa ya ƙaru” yana iya kai injin bango. Na biyu, nauyin iska ne ke tura ruwa cikin tiyon zuƙa. A bakin teku famfo na iya zuƙo ruwa daga zurfin mita 6 zuwa 7, a Jos sai a cire fiye da mita ɗaya daga ciki. Idan ruwan tafki ya ja baya a watan Maris famfo ya fara ƙara kamar yana tauna tsakuwa, ba lalacewa ya yi ba, saukar da shi za a yi kusa da ruwa.

Mita 1,200 sama da teku

Wannan ya kawo mu ga abin da takardar kamfani ba ta cika faɗa da babbar murya ba. Ƙarfin da aka rubuta a jikin inji an auna shi ne a iskar kusa da bakin teku, a zafin digiri 25. Jos tana kimanin mita 1,200 a sama, iskarta ta fi sirantaka da fiye da kashi 10 cikin ɗari. Injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace mita 100. Taraktar Massey Ferguson mai doki 75 da ke huɗar dankali a Bokkos, dokinta na gaskiya bai wuce 67 ba. In makanike ya ce zai “buɗe mata mai” don ta dawo da ƙarfi, baƙin hayaƙi kawai zai ƙara, domin iska ce ta gaza ba mai ba. Mai tobo yana cike yawancin giɓin, amma da tsada: tobon na juyi fiye da yadda zai yi a Legas, hayaƙinsa ya fi zafi. Kowane kamfani yana da jadawalin rage ƙarfi gwargwadon tsayi da zafi, kuma ya kamata a nema kafin a biya kuɗi. Abuja ba ta kai rabin tsayin Jos ba, matsalarta zafin bazara ne, lokacin da ɗakin janareta marar iska ke wuce digiri 40 inda yawancin jadawalin ke fara ragewa.

Ruwa ma a Jos a digiri 96 yake tafasa, ba 100 ba, kuma injin gas tsakanin 80 da 95 yake aiki. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto mai riƙe matsi. Murfin da robarsa ta mutu, ko tsumma da leda da aka ɗaure a madadinsa, ya isa ya sa lafiyayyen inji ya riƙa amai a kan hawa. Cire tamostat, na'urar da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, kuwa, wanda ya zama kamar farilla a garejinmu, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Injin ba zai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin hunturu, sai ya riƙa shan mai yana cin silif. A wasu injinan ma, rashinsa yana barin ruwa ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba, injin ya ɗau zafin da ake gudu. Ruwan rijiya zalla yana barin farin ɓawo a hanyoyin ruwa. Ban da haka, silif mai jiƙe a ruwa yana karkarwa duk bugu, ƙananan kumfa suna fashewa a jikinsa suna ƙwaƙule ƙarfe har su huda shi. Ranar da aka zaro geji aka ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, sau da yawa aikinsu ne. Ruwan kulan na manyan injina yana da sinadarin da ke hana wannan.

Sai ƙura. Inji mai lita 12 a juyi 1,500 yana zuƙar iska lita 9,000 a minti tun ba a sa tobo a lissafi ba. A cikin hazon Disamba da Janairu, ko a gindin injin fasa dutse, 'yar tsaga a tiyon da ke tsakanin filta da tobo ta isa ta cinye ringi cikin makonni. Filtar iska gida biyu ce: ta waje ake sauyawa, ta ciki ba a taɓa ta sai za a sa sabuwa. Buga filta a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga takardar inda ido ba ya gani. Akwai ɗan agogo a jikin gidan filta da ke yin ja idan ta toshe. Shi ake bi, ba kallon ido ba, domin yawan buɗewa ma yana zuba ƙura a ciki.

Juyen baƙin mai da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Awa 250 ita ce ƙa'idar da aka fi bi, da mai 15W-40 na injin gas, tare da sabuwar filta. Janaretan da ke aiki awa 12 a rana yana cika wannan cikin mako uku. Wanda ke jiran ƙarshen wata uku ya ninka ƙa'idar sau huɗu bai sani ba.

Man gas kansa shi ne ke shafa wa famfon injekta da nozul mai. Gas ɗin da aka sirka da kananzir ba shi da wannan santsi, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. Tsofaffin injina masu famfon layi, irin na Marsandi 911 da aka haɗa a Inugu, suna haƙuri da abubuwa da yawa. Na zamani masu kwamfuta suna matsa mai har bar 2,000 ta sassan da tazararsu ba ta kai kaurin gashi ba, ɗan ruwa ko yashi kaɗan ya gama da nozul shida a tashi ɗaya. Tankin ajiya ya ɗan karkata, da famfon zubarwa a ƙasan karkatar, bututun ɗiba kuma ya ɗaga daga gindi. In an kawo sabon mai a bar shi ya kwanta kwana guda. Kada a yi tankin da ƙarfe mai rufin tutiya, gas yana narkar da ita ta je ta toshe nozul. A Jos, inda dare ke sanyi rana ta yi ɗumi, tankin da ya kwana rabi yana yin gumi a ciki, shi ya sa da yamma ake cika mota, da safe kuma a zubar da ruwan da ya taru a kofin filtar farko.

In mai ya ƙare iska ta shiga layi, a tsohon inji ana sassauta ƙusar kan filta, a yi ta danna famfon hannu har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure, a maimaita a jikin injekta, in ta kama a ɗan sassauta bututun nozul biyu a yi kik har su tofa mai. A injin zamani ba a sassauta bututun nozul ko kusa, matsin na iya raunata mutum. Kik kuma kada ya wuce daƙiƙa 20 zuwa 30 a jere, a huta minti biyu.

Tirelolin Turai na baya-bayan nan suna zuwa da matatar hayaƙi da tankin AdBlue, ruwa ne mai sinadarin yuriya kashi 32.5 cikin ɗari. An ƙera su don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali iyakar da ƙasashen ECOWAS suka amince da ita a 2020 kashi 50 cikin miliyan ce. Wanda zai sayi irin wannan ya fara tambayar kansa inda zai riƙa samun mai mai tsabta da mai kwamfutar da zai karanta masa ita, kafin ya tambayi farashi.

Hayaƙi yana magana. Baƙi, mai ya fi iska: filta ta toshe, tobo ya gaji, nozul na zuba, ko lodi ya yi yawa. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari da sanyin safiya wanda ke ɓacewa bayan minti biyu ba komai ba ne; wanda ya ƙi ɓacewa, ruwa kuma na raguwa a lagireto, gasket ne ko kan silinda ya tsage. Mafi ban tsoro shi ne injin da ya fara shan baƙin mansa ta tobon da ya fashe: gudu ya yi ta hawa, a zare makulli ya ƙi mutuwa. Iska za a toshe masa da katako ko faranti mai kauri a bakin shigarta, ba da tafin hannu ko riga ba. In babu hali, a ja da baya.

Mai sayen tokumbo a Jos yana da gatan da na Legas ba shi da shi, wato sanyin asuba. Injin da matsinsa ya ragu yana ɓoye aibinsa in ya yi ɗumi, amma da sanyi sai ya yi ta jan kik yana tari da farin hayaƙi. A je da sassafe, a ɗora hannu a jikinsa tukuna. Ya tashi, a buɗe murfin zuba baƙin mai: ɗan tururi ba laifi, amma in yana huci yana ture murfin, ringi da silif sun tafi. Tun yana da sanyi a duba bakin lagireto, kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gasket ce. Kafin a tayar, a cire tiyon tobo a girgiza sandar da yatsa, kada fiffiken ya taɓa jikin gidansa. Agogon matsin mai kuma bayan injin ya yi zafi ake karanta shi, a silo, don da sanyi ko mataccen mital yana nuna lafiya. Janareta ne, a nemi a ɗora masa lodi na awa guda ana kallon agogon zafi da na kaɗawar wuta. In an isa aka tarar jikin injin da ɗumi, mai shi yana cewa yanzu yaro ya gwada shi, a yi masa sallama a ce gobe bayan sallar asuba za a dawo, makullin kuma ya kwana a hannun mai saye.